Baƙin rami ko mahaifar taurari: Daga ina ƙwayoyin da ke zubo mana daga sama suke fitowa?

A ranar 7 ga Agustan 1912, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Austriya mai suna Victor Hess ya shiga kwandon balan-balan, ya tashi sama har kimanin mita 5,300, ɗauke da na'urar auna radiyeshan. A wancan zamani masana sun ɗauka cewa daga duwatsun ƙasa radiyeshan ɗin da ke cikin iska yake fitowa, saboda haka ya kamata ya ragu idan aka yi sama. Sai Hess ya tarar ƙaruwa yake yi. Wannan bincike ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1936, ya kuma bar wa duniya tambayar da har yau ake bin sawunta.

Abin da ya gano shi ne ƙwayoyin kosmik, waɗansu ƙananan ƙwayoyin zarra da ke faɗowa kan duniya dare da rana cikin gudun da ya kusa kai na haske. Kusan kashi 90 cikin ɗari furoton ne. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare mafi yawansu, amma suna iya jirkita lissafin kwamfutar tauraron ɗan'adam, kuma matuƙa jirgin sama sun fi mutanen ƙasa shan radiyeshan ɗinsu. Waɗansu kuwa ƙarfinsu ya wuce misali. Wadda aka kama a jihar Utah ta Amurka a watan Oktoban 1991 ta ninka ƙarfin furoton ɗin babbar na'urar CERN da ke kusa da Geneva fiye da sau miliyan 40.

Wahalar gano asalinsu ita ce suna ɗauke da cajin lantarki, don haka maganaɗisun sararin samaniya yana ta karkatar da su a hanya. Kafin su iso, sawunsu ya ɓace. Dole masana suka koma neman shaidu biyu da ba sa kauce hanya: hasken gama, da wata ƙwaya marar caji da ake kira nutrino. Duka biyun suna samuwa ne idan ƙwayoyin kosmik suka yi karo da iskar gas a kusa da inda aka haife su.

Wuri na farko da ake zargi shi ne galaksi, wato babban taron taurari, mai yawan haihuwar sababbi. A irin wannan wuri manyan taurari ba sa daɗewa, sukan ƙare da gagarumar fashewa. Igiyar fashewar tana buga ƙwayoyi gaba da baya, suna ƙara ƙarfi a kowane zagaye, bisa tunanin da Enrico Fermi ya fara kawowa a 1949. A 2009, na'urorin VERITAS da ke Arizona sun hango hasken gama daga galaksin M82, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 12, yayin da na'urorin H.E.S.S. da ke Namibiya suka hango irinsa daga NGC 253. A 2013 kuma, na'urar hangen nesa ta Fermi ta tabbatar da cewa ɓurɓushin fashewar taurari biyu a galaksinmu, IC 443 da W44, suna ingiza furoton.

Sai dai fashewar tauraro tana da iyakar ƙarfin da za ta iya bayarwa. Nan ne zargi ya koma kan baƙin rami, wuri mai tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. Manyansu suna zaune a tsakiyar galaksi, kuma gas ɗin da ke kewaya su kafin ya afka ciki yakan yi zafi matuƙa, wani lokaci ya yi feshi mai nisan gaske. A ranar 22 ga Satumban 2017, cibiyar IceCube, wadda ta binne na'urori 5,160 a cikin ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya, ta kama nutrino guda da aka bi sawunsa zuwa wani irin wannan feshi da ke fuskantar duniya, mai suna TXS 0506+056.

Shaida mafi ɗaukar hankali ta zo a watan Nuwamban 2022, lokacin da IceCube ta sanar da kimanin nutrino 79 daga wajen galaksin NGC 1068, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 47. Wannan galaksi ya haɗa abubuwan zargi biyun: yana haihuwar taurari sosai, yana kuma da baƙin rami mai ci. Amma nutrinonsa sun fi hasken gamansa yawa nesa ba kusa ba, abin da ya sa masana da dama suke ganin a dab da bakin ramin ake samar da su, inda hasken gama ba ya iya fita.

Hujjojin da aka tara suna nuna cewa aikin rabawa aka yi. Fashewar taurari ce ke samar da mafi yawan ƙwayoyin da ke iso mana, baƙin rami kuma yana da nasa kaso. Mafiya ƙarfi ne suka rage. Cibiyar Pierre Auger da ke Ajantina, mai faɗin murabba'in kilomita 3,000, ta nuna a 2017 cewa daga wajen galaksinmu suke zuwa. Tantance wurin da ya haife su zai ɗauki lokaci, domin irin wadda aka kama a Utah ba ta faɗa wa fili mai murabba'in kilomita ɗaya ko da sau ɗaya a shekara ɗari.