Fim Ɗin Ban Tsoro: Jari Kaɗan, Riba Mai Yawa, Amma A Aljihun Wa?

Akwai wani lissafi da ya daɗe yana yawo a bakin matasanmu masu sha'awar harkar fim, tun daga Gumel har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Lissafin kuwa na wani fim ne na ban tsoro na ƙasar Amurka mai suna Paranormal Activity, wanda aka shirya da dala dubu 15 kacal, amma ya tara kimanin dala miliyan 193 a gidajen sinima na duniya. Wato kowace dala guda ta janyo sama da dala dubu 12. Duk saurayin da ya ji haka, ga shi da waya mai kyamara a aljihu, sai ya ga kamar arziki na kiran sunansa. Alƙaluman gaskiya ne, ba ni da ja a kansu. Abin da ke damuna shi ne darasin da ake ɗauka daga cikinsu, domin tun kafin mu san kuɗin Amurka magabata suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Bari mu fara da abin da matasan suka gano daidai. Fim ɗin ban tsoro yana cikin waɗanda suka fi arha a wajen shiryawa. Ba ya buƙatar fitaccen jarumi mai tsadar sallama, ko gidan alfarma, ko jerin motoci, ko rawa da waƙa. Duhu ne jarinsa, sai sauti, sai iya jan rai. Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa a birnin San Diego cikin mako guda, da 'yan wasan da ba wanda ya san su. Haka ma The Blair Witch Project na 1999, cikin kwana takwas aka ɗauke shi a wani daji na jihar Maryland da kuɗin da bai wuce dala dubu 60 ba, ya kuma tara kusan dala miliyan 248.

To amma su wa suka kwashe waɗannan miliyoyi? Mutumin Maigatari ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Duk ranar Alhamis yana ganin yadda sa yake barin hannun wanda ya yi shekaru yana kiwonsa, ya bi ta hannun dillali, ya shiga tirela, ya sauka Legas da wani farashi daban. Ba wanda zai ji kuɗin da aka sayar da san a Kudu ya ce shi ne ya shiga aljihun makiyayi. Kuɗin tikitin sinima ma haka yake. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabi, kamfanin da ya rarraba fim ɗin ya cire la'adarsa da kuɗin talla, sannan abin da ya rage ya gangaro ga wanda ya shirya, gwargwadon yarjejeniyar da ya sa wa hannu.

Paranormal Activity ya yi kusan shekara biyu a ajiye bayan nuna shi a wani bikin finafinai a 2007, sai a 2009 kamfanin Paramount ya fitar da shi da ƙarfin tallarsa. Shi kuwa Blair Witch, kamfanin Artisan ne ya saye shi a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai, ya kuma zuba miliyoyi wajen tallata shi. Bayan shekara 25, a 2024, manyan 'yan wasansa uku suka fito fili suna neman kamfanin Lionsgate, wanda ya gaji fim ɗin, ya biya su wani kaso na abin da ake ci gaba da samu. Mafi ban takaici shi ne abin da ya sami George Romero, wanda ya shirya Night of the Living Dead a 1968 da dala dubu 114. Kamfanin da ya rarraba shi ya sauya masa suna, ya manta bai sa alamar haƙƙin mallaka ba, kuma a dokar Amurka ta wancan lokaci hakan ya mai da fim ɗin na kowa da kowa. Fim ya zaga duniya, masu shi suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Idan muka dawo gida Nijeriya, misalin da ya fi kusa shi ne Living in Bondage na 1992, fim ɗin harshen Ibo a kan wani mutum da ya sadaukar da matarsa don neman dukiya, fatalwarta ta hana shi sakat. Da ƙaramin jari aka yi shi, aka sayar da kaset dubban ɗaruruwa, har ake ɗaukarsa a matsayin mafarin Nollywood. Sai dai mutane kan manta cewa Kenneth Nnebue, wanda ya ɗauki nauyinsa, ɗan kasuwa ne a Legas mai harkar kaset. Shi ke da fim, shi ke da kaset, shi ke da hanyar kai su hannun mai saye. Wannan ne ya sa ribar ta tsaya a hannunsa.

Tarihin Kannywood ma abin da yake karantar da mu ke nan. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ne suke riƙe da akalar ciniki, furodusa kuwa yana jiran abin da za a yanka masa. Da satar fasaha da wayar hannu suka kashe kasuwar faifan CD, sai aka karkata ga sinima, aka nuna finafinai irin su Mansoor na Ali Nuhu a 2017 a Ado Bayero Mall. Daga bisani kuma kasuwa ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda shirye-shirye masu dogon zango kamar Labarina da Izzar So suka mamaye fage.

Yanzu mu auna masarautar Gumel da wannan ma'auni. Ta fuskar kayan aiki, Allah Ya hore mana. Muna da kukoki da tsamiyoyin da yara ke tsoron gilmawa ta ƙarƙashinsu da tsakar rana, da tsofaffin rijiyoyi masu zurfi, da kufai, da hazon hunturu da ke rufe hanya, da guguwar bazara. Muna da tatsuniyoyin Dodo da labaran fatalwa da muka taso muna ji a tsakar gida. Masu kallo ma akwai, kuma ba su tsaya a wannan gefen iyaka ba, domin mutanen Magarya da Dungas da Damagaram Hausa suke ji, abin da muke kallo suke kallo. Duk mai shakka ya duba yadda finafinan Indiya na macizai da aljanu da aka fassara da Hausa suke samun karɓuwa.

Abin da muka rasa shi ne ƙofar karɓar kuɗi. Babu gidan sinima na zamani a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu. Hanyar da fim ke bi ya isa ga jama'a ita ce rumfar masu tura finafinai a waya, kuma abin da ake biyansu ba kasafai ko sisi yake komawa ga mai fim ba. YouTube kuwa da sharuɗɗansa: sai tasha ta sami mabiya dubu ɗaya da sa'o'in kallo dubu huɗu a cikin shekara kafin ta fara cin kuɗin talla, kamfanin yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari, kuma yakan rage talla a kan bidiyon da jini da ta'asa suka yi yawa a cikinsa. Na san wani matashi a yankinmu da ya sayar da san noman gidansu ya yi fim. Fim ɗin ya shiga wayoyi da dama, ana yi masa kirari a majalisa, amma da damina ta faɗi sai da mahaifinsa ya yi hayar shanun huɗa.

Ba ina cewa a haƙura ba ne. Ina cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kunna kyamara, a zauna a rubuta kasafi na gaskiya: abinci, man janareta, kuɗin mota, tace hoto da sauti, sallamar 'yan wasa, sannan a ware wani kaso na musamman don talla. A zuba abin da idan ya salwanta gida ba zai girgiza ba. A rubuta yarjejeniya da kowa, ko da ɗan uwa ne, a fayyace wane ne mai fim da kason kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, amma takarda ce take tsaya wa mutum a gaban alƙali.

Bayan haka a nemi inda za a fara karɓar tikiti kafin fim ya shiga waya. Gidajen kallon ƙwallo suna zama fayau a ranakun da babu wasa, ga kuma ɗakunan taro irin na Kwalejin Ilimi ta Gumel idan hukumar makaranta ta amince, ga taron daren kasuwa a Maigatari. Fim ɗin ban tsoro a cikin jama'a ya fi daɗin kallo, wannan ma wata dama ce. Su ma masu tura finafinai a zauna da ƙungiyarsu a yi ciniki, su zama dillalai masu biyan mai kaya. Zai yi kyau gwamnatin Jigawa da Hukumar Finafinai ta Ƙasa, wadda Ali Nuhu ke jagoranta tun 2024, su dubi wannan gefe na kasuwa, domin raba kyamarori ba tare da wurin sayar da fim ba tamkar raba iri ne ga manomin da ba shi da hanyar kai amfani kasuwa.

Akwai kuma amanar da ta fi kuɗi nauyi. Hanya mafi sauƙi ta tsorata Bahaushe ita ce a nuna masa tsohuwa a ce mayya ce. Wannan wasa ne da wuta, domin a ƙauyukanmu zargin maita yana raba aure, yana korar mace daga gari, wani lokaci har ya kai ga rasa rai. Tun 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta haramta ƙawata tsafin neman kuɗi a fim, kuma ko babu doka, addini da mutunci sun isa su yi mana linzami. Ana iya sa gaban mai kallo ya faɗi ba tare da an shafa wa maƙwabciya baƙin fenti ko an kambama boka ba.

Saboda haka, duk matashin da aka ba shi labarin dala dubu 15 da ta zama miliyan 193, ya yi tambaya uku kafin ya taɓa dukiyar gida: wa zai sayar mini da wannan fim, a ina za a karɓi kuɗin, kuma nawa ne rabona a rubuce? Wanda ya sami amsarsu, bismillah, fili nasa ne. Wanda bai samu ba, ya bar san a turke tukuna. Allah Ya yi wa sana'ar matasanmu albarka, Ya kuma sa guminsu ya amfane su.