Kariya a ƙasar sanyi: yadda ake shayar da itaciyar hamada daga wata zuwa wata

A duk shekara idan hunturu ya kankama a ƙasashen Turai, masu sha'awar furanni da dama kan yi asarar itaciyar nan ta kariya da suka ajiye a ɗakunansu. Abin da ya fi hallaka ta kuwa shi ne ruwan da masu ita ke ɗura mata da kyakkyawar niyya, a daidai lokacin da ba ta bukatarsa.

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa zai iya tuna kariya: gajeruwar itaciya mai kaurin gindi kamar 'yar ƙaramar kuka, wadda takan fito da furanni ruwan hoda a tsakiyar rani, sa'ad da ko ganye ɗaya babu a jikinta. Ba wanda ke ɗaukar tulu ya je ya ba ta ruwa, amma ga ta nan shekara da shekaru. To, wannan itaciyar ce a yau ake sayarwa cikin 'yan tukwane a shagunan furanni na Landan da sauran biranen Turai da Amurka, inda Turawan Ingila ke kiranta desert rose, wato furen hamada.

Masana tsirrai sun san ta da sunan Adenium obesum. Asalinta yankin Sahel ne tun daga Senegal har zuwa Sudan, da gabashin Afirka, da kuma kudancin yankin Larabawa. Wani masani ɗan ƙasar Sweden mai suna Peter Forsskal, wanda ya rasu a Yemen a shekarar 1763 a cikin wata tafiyar bincike da Sarkin Denmark ya ɗauki nauyinta, shi ne ya fara bayyana ta ga masanan Turai, aka kuma buga bayanin nasa a shekarar 1775. A zamanin nan manoman furanni na ƙasashen Thailand da Taiwan sun shahara wajen aurar da ita, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro, har suka samar da masu fure ja da fari da masu ninki.

Sirrin kariya yana cikin gindinta. Wannan kumburarren gindi rumbu ne na ruwa. A can gida takan sha ta ƙoshi cikin watanni huɗu ko biyar na damina, ta yi ganye, ta cika rumbun, sa'an nan idan ruwa ya ɗauke ta zubar da ganyen ta yi likimo, tana cin abin da ta tara har wata daminar. Saboda haka wanda ya ajiye ta a ɗaki a ƙasar sanyi, aikin da ke gabansa shi ne ya shirya mata daminarta da raninta da hannunsa, ya kuma san watannin da suka dace da kowanne.

Ni kaina sai da na yi asarar guda kafin na fahimci haka. A hunturuna na biyu a Landan na ga ganyenta yana rawaya yana zuba, na ɗauka ƙishirwa ce, na shiga ba ta ruwa duk ranar Asabar. Kafin watan Fabrairu gindin ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, da na tumɓuke ta kuwa sai na tarar saiwoyin sun yi baƙi ƙirin suna wari.

Daminarta: Mayu zuwa Satumba

A watan Yuni hasken rana a Landan yakan wuce sa'o'i 16 a yini, kuma a wannan lokaci ne kariya ke girma. A ajiye ta a bakin tagar da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi daɗewa. Idan za a ba ta ruwa, a ba ta sosai har sai ya zubo ta ramukan da ke ƙasan tukunya, a zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi, sa'an nan a ƙyale ta har ƙasar ta bushe. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a tura yatsa ko tsinke cikin ƙasar. In ya fito da danshi, a dakata. Wasu kuma sukan ɗaga tukunyar su ji nauyinta. Galibi hakan yakan kama sau ɗaya a mako, ko sau biyu idan zafi ya tsananta. Yayyafa mata ruwa kaɗan-kaɗan kullum ba ya amfanar ta, domin saman ƙasa ne kawai zai jiƙe alhali saiwoyin na can ƙasa da ƙishirwa.

Kazalika irin ƙasar da tukunyar suna da muhimmanci ƙwarai. Ƙasar da ake sayarwa don furannin ɗaki tana riƙe ruwa kamar soso, don haka ya kamata a gauraya ta da yashi mai gwari-gwari da ƙananan tsakuwa, aƙalla rabi da rabi. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba, saboda tana tsotse danshi kamar yadda randa ke yi. Tukunyar da ba ta da rami a ƙasa kuwa kabari ce gare ta. Bugu da ƙari, ruwan famfon Landan yana da yawan alli a cikinsa, shi ya sa masu lambu suka fi son ruwan sama idan ya samu. Taki kuma a wannan lokaci kaɗai ake ba ta, shi ma kaɗan, a tsarma shi da ruwa.

Kaka: a fara janye hannu

Daga ƙarshen Satumba yini yakan ƙara gajarta, ɗaki ya fara sanyi, ƙasar tukunya ta daina bushewa da wuri. A nan ne ake fara tsawaita tazara, daga mako guda zuwa biyu, daga biyu zuwa uku. Idan ganye ya fara rawaya yana faɗuwa, kada hankali ya tashi, shirin hutu take yi. Wanda ya fitar da ita waje a watannin zafi, wajibi ne ya mayar da ita ɗaki kafin sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius, domin kariya ba ta jure abin da ya gaza haka, ƙanƙara kuwa kashe ta take yi.

Raninta: Nuwamba zuwa Maris

A ƙarshen watan Disamba hasken rana a Landan bai kai sa'o'i 8 ba, alhali a Kano bai taɓa gaza sa'o'i 11 ba. Itaciyar da ta zubar da ganye ba ta da hanyar fitar da ruwan da aka ba ta, saiwoyinta ma sun daina sha. Ruwan sai ya kwanta a cikin ƙasa mai sanyi, ya hana saiwoyin iska, ƙwayoyin cuta irin na funfuna su samu wurin zama, ruɓewa ta hau daga saiwa zuwa gindi. Haɗuwar sanyi da danshi ita ce ajalin kariya.

Don haka idan tana ɗaki mai ɗan sanyi kuma ba ganye, ana iya barin ta mako huɗu zuwa shida ba ruwa, wani lokaci ma fiye, muddin gindin na nan da tauri. In kuwa ɗakin na da ɗumi kuma ta riƙe ganyenta, to ɗan kofi guda a mako uku ko huɗu ya wadatar, a kuma ba ta da safe, da ruwan da ba shi da sanyi. A kula da abu biyu: kada a jingina ta da na'urar ɗumama ɗaki, kada kuma a bar ta tsakanin labule da gilashin taga da dare, domin wurin ya fi ko'ina sanyi a ɗakin.

Idan Afrilu ya zo aka ga 'yan tsiro kore a kan rassa, alama ce ta farka. A fara da ruwa kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, saboda ƙananan saiwoyin da suka bushe suna bukatar lokaci kafin su sake fitowa. Masu zaune a wurare masu zafi kamar Jidda ko Khartoum ba su da wannan doguwar matsala ta hunturu, amma ƙa'idar ɗaya ce: zafi da haske da ganye su ne ke ba da izinin ruwa.

Gane ƙishirwa daga ruɓewa

Gindin da ya yi laushi yana iya nufin abu biyu masu saɓani. In ya ɗan yamutse, ƙasa a bushe, launinsa bai sauya ba, ƙishirwa ce, kuma shayarwa ɗaya ko biyu za ta mayar da shi. In kuwa ƙasa a jiƙe take, ga tabo baƙi ko ruwan ƙasa, yana lotsawa idan an danna, to ruɓewa ce. Sai a tumɓuke ta, a yanke duk inda ya lalace da wuƙa mai tsabta har a kai ga farin nama, a ajiye ta a inuwa kamar mako guda yankan ya bushe, sa'an nan a dasa ta a busasshiyar ƙasa, a jinkirta ruwa.

A nan akwai gargaɗi. Ruwan da ke tsattsafowa daga jikin kariya guba ne mai taɓa zuciya, har ma mafarauta a wasu sassan Afirka sun yi amfani da shi wajen dafin kibiya. A sa safar hannu wajen yanka, a wanke hannu da wuƙar, a kuma ɗora tukunyar inda yara da kyanwa ba za su kai gare ta ba.

Wadda na saya bayan ta farko tana nan a bakin tagata. Daga Nuwamba zuwa Maris ba ta shan abin da ya wuce kofi uku ko huɗu, kuma idan Yuni ya zagayo takan yi fure. Duk ranar da na yi shakkar ko lokacin ruwa ya yi, sai in ajiye butar in bari sai wani makon.