Awon Yadda Yaro Yake Kallon Kansa

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Illela ya san ba a ciniki sai an yarda da mudun da za a yi awo da shi. Masana halayyar ɗan Adam su ma suna da nasu mudun, wanda suke auna yadda yaro yake kallon kansa, wato ko yana ganin yana da ƙwazo a aji, ko yana jin abokansa suna son zama da shi. Wannan mudu jerin jimloli ne da ake karanta wa yaro ya amsa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda Ellen Piers da Dale Harris suka wallafa a Amurka a 1969, mai jimloli 80 da ake amsawa da i ko a'a. A bugu na biyu na 2002 an rage su zuwa 60. Susan Harter kuma ta fitar da nata a 1985, mai tambayoyi 36. Dukansu da Ingilishi aka tsara su, don yaran wata ƙasa.

To, a ce malami a Kalmalo, garin nan na bakin tafki kusa da iyakar Nijar, yana son ya gano ɗaliban da suka yanke ƙauna da kansu tun kafin su daina zuwa makaranta. Dole ya mayar da ma'aunin Hausa, kuma nan gizo yake saƙar. Jimlar da a Ingilishi take nufin yaro ya gamsu da kansa, idan aka bi ta kalma da kalma sai ta koma "ina son kaina". Amma son kai a wurin Bahaushe aibi ne, haka ma ji da kai da girman kai. Yaron da ya sami tarbiyya zai ce a'a da sauri, takarda kuwa ta nuna ya rena kansa, alhali kunya ce kawai ta hana shi yabon kansa a gaban babba. Ga kuma batun karin harshe. Yaron Kalmalo da Sakkwatanci ya tashi, yana cewa "ɗiya" inda Bakano zai ce "'ya'ya", takwaransa na Birnin Ƙonni kuwa da Faransanci yake karatu, makarantar ma lakwal yake ce mata.

Maganin farko shi ne dabarar da Richard Brislin ya bayyana a 1970. Mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani dabam wanda bai ga asalin ba ya mayar da Hausar zuwa Ingilishi, sannan a gwama. Inda suka saɓa, ma'ana ta zube a hanya. Sai dai wannan dabara ba ta cika kama matsalar "son kai" ba, domin kalmomin za su koma daidai. Abin da yake kama ta shi ne a zauna da yara ƙalilan, a tambayi kowanne abin da ya fahimta da bakinsa.

Daga nan sai lissafi. Ana ba yara da yawa ma'aunin, a sake ba su bayan kamar mako biyu, a ga ko sakamakon ya tsaya. Ana kuma duba ko jimlolin da suke auna abu ɗaya suna tafiya tare, ta hanyar alƙalamin da Lee Cronbach ya gabatar a 1951, wanda iyakarsa 1, kuma akasarin masana suna karɓar 0.70 zuwa sama. Wannan bai isa ba, domin mudun da gindinsa ya lotsa kullum awo ɗaya yake bayarwa, amma tauyayye. Saboda haka sai an gwada sakamakon da wasu shaidu, kamar abin da malamai suka lura da shi, a tabbatar kallon kai ake aunawa, ba iya karatu ko kunya ba.

An riga an bi irin wannan hanya da Hausa a wani fanni. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri sun wallafa fassarar Hausa ta wani ma'aunin duniya na motsa jiki, bayan sun gwada ingancinta. Sai dai manya suka tambaya, kuma ƙirga mintocin tafiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tambayar yaro ɗan shekara 9 ko yana ganin kansa da daraja.