Daga Maraɗi zuwa Kano: Tafiyar minti 40 a sama da babu jirgin da ke yin ta

Ga mutumin Sarkin Yamma da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, babban filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa mai hada-hada da ya fi kusa da shi yana wata ƙasa ce: filin Malam Aminu Kano da ke Najeriya.

Idan aka miƙe ta sama, tazarar Maraɗi da Kano kimanin kilomita 230 ce, abin da jirgin fasinja zai cinye cikin ƙasa da minti 40. Yamai kuwa tana da nisan kilomita 540 ta sama, sama da 650 ta mota. Duk da haka babu jirgin fasinja da ke jigila a kai a kai tsakanin biranen biyu.

Bambancin ya fi fitowa ga masu zuwa Saudiyya. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, daga Yamai kuma kusan 4,000. Ke nan mai Umara ko ɗan ci-rani daga Sarkin Yamma da zai tashi ta filin Diori Hamani sai ya yini a mota yana nausawa yamma, sannan jirgi ya juyo da shi gabas.

Wannan ne ya sa wasu 'yan kasuwa da matafiya ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina su hau jirgi a Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba.

Iyaka ce ke yanke hukunci

Sai dai wannan hanya ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki da Nijar tare da hana zirga-zirgar jirage, ita ma Nijar ta rufe sararin samaniyarta na kusan wata guda. Sai a Maris ɗin 2024 aka sake buɗe iyakar ƙasashen biyu.

Duk wanda ya yanki tikitin Kano a irin wannan lokaci, kuɗinsa na iya salwanta alhali yana zaune kilomitoci kaɗan daga iyaka. Ga shingayen bincike, ga matsalar 'yan bindiga a yankin Jibiya da Madarunfa da ta sa direbobi da yawa ke gudun tafiyar dare.

A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, kodayake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da shige da fice ba tare da biza ba har zuwa wani lokaci.

Fata ta koma kan dogo

A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil ya karɓa. Layin zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Idan aka kammala shi, matafiyi daga Maraɗi zai iya kama jirginsa a Kano a rana guda. Amma jirgin ƙasan ma sai iyaka tana buɗe zai wuce.