Masu Ruwa da Masu Faci Su Ma a Gode Musu

A wasu ƙasashe akwai wata hanya ta tara kuɗin taimako wadda ba mu saba da ita ba a nan ƙasar Gumel. Mutum yakan yi alkawari zai tuƙa keke tafiya mai nisa. 'Yan'uwa da abokai kuma su yi alkawarin ba da kuɗi saboda wahalar da zai sha. A birnin Tucson na ƙasar Amurka ana yin irin wannan hawan keke a watan Nuwamba, tafiyar wajen mil 100. 'Yan ƙungiyar Rotary sukan shiga ciki domin tara kuɗin yaƙi da shan inna. Kowace dala da Rotary ta tara domin wannan aiki, gidauniyar Bill Gates tana ƙara dala 2 a kai.

Ranar da aka gama, masu keke ake ɗauka hoto. Amma duk wanda ya taɓa tura keke cikin rairayin Ɗanzomo da bazara ya sani mil 100 ba ta yiwuwa da ƙafa biyu kaɗai. Tilas wani ya tashi da asuba ya ajiye ruwa a bakin hanya. Wani yana zaune da famfo da kayan faci. Wani yana tsaye a mararraba cikin rana, yana nuna hanya. Akwai kuma motar da ke bin baya a hankali domin ta ɗauki wanda ya gaji, ita ce ta ƙarshe wajen isowa, sa'ad da masu tafi sun riga sun watse. Yawancin waɗannan 'yan sa kai ne. Abin yana kama da gayya: ana yabon samarin da suka fi iya noma, amma ba a cika tuna matan da suka dama fura suka kai gona ba.

Me ya kawo wannan labari cikin takardarmu? Dalili shi ne, tafiyar ba a Tucson take ƙarewa ba. Kuɗin da Rotary take tarawa tun 1985 yana cikin abin da ke sayen maganin rigakafi, da biyan kuɗin kai shi ƙauyuka. Watau ƙarshen hanyar yana ƙofar gidajenmu, kuma masu ruwa da masu faci na wannan gefe 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Ku duba yadda aikinsu yake. Maganin ba ya son zafi. Dole a riƙe shi cikin akwatin sanyi da ƙanƙara tun daga ɗakin magani har bakin yaro. A jikin kowace kwalba akwai 'yar alama wadda takan yi duhu idan zafi ya lalata maganin, sai a ajiye wannan kwalba, ba a ba yaro. Saboda haka akwai wanda ya kula da firji, akwai mai babur da ya kawo akwatin da sassafe. Sa'an nan mace ta rataya shi a kafaɗa, gama ita ce za ta iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Ta ɗiga wa kowane yaro da bai kai shekara 5 ba ɗigo 2, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, mai rubutu ya rubuta, a sa alama da alli a bangon gidan. Mai unguwa ko wakilinsa yana tare da su, shi ne mai lallashin maigida idan ya ƙi. Daga nan sai gida na gaba, har rugar Fulani da ke bayan gari. A gari irin Maigatari, inda kasuwar Alhamis take tara mutane daga Nijar da Nijeriya, ba a san iyakar yaran da za a tarar ba.

Kada mu ɗauka aikin ba shi da hatsari. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe. Bayan an koma, waɗannan mata su ne suka sha zagi a ƙofar gida. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a birnin Kano, yawancinsu mata. Sauran ba su ajiye akwati ba. A 2016 aka ga shan inna na asali na ƙarshe a Nijeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Afirka ta rabu da shi. An yi jawabai, an yaba wa manya, ya kuwa dace. Amma mu a ganinmu rabon masu akwati bai kai gare su ba tukuna.

Masu karatu za su tuna labarin Dawuda cikin 1 Sama'ila sura 30. Mutum 400 suka bi shi yaƙi, 200 suka tsaya wurin kaya a rafin Besor. Da aka komo wasu suka ce kada a ba masu tsaron kaya kome. Dawuda ya ƙi, ya raba daidai, ya mai da shi doka.

Aikin bai ƙare ba, gama akwai wani nau'in cutar da har yanzu yake ɓulla inda yara ba su sami cikakken rigakafi ba. Don haka za su sake zuwa. Idan sun yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma a inuwa, a kawo ruwan randa a moɗa. A fito da yara duka, har na goye da ɗan baƙo, kada su yi ta jira a rana. Mai amalanke ya rage musu hanya zuwa ƙauye na gaba. Fastoci da limamai su ambace su cikin addu'a, su sanar da ranar zuwansu. Muna kuma roƙon dagatai, ranar da aka gama zagaye, a kira su gaban jama'a a gode wa kowa da sunansa, har da mai babur da mai gadin firji.