3.4 Tsayayyiyar Igiyar Ruwa: Misali Daga Garin Kamba

A wannan sashe za a yi bayanin wani nau'in motsin ruwa da Bahaushe ya saba gani, amma bai ware masa suna ba. A garin Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi, idan aka ɗora tasa da ruwa a jikin injin markaɗe yana aiki, sai a ga fuskar ruwan ta yi ƙananan tuddai da kwaruruka jere reras kamar saƙar tabarma. Tuddan suna hawa suna sauka, amma ba su matsawa ko'ina. Wannan ya sha bamban da igiyar kogin Kwara da masuntan yankin Bagudo suka sani, wadda ke tafiya har ta bugi gaɓa.

Dalilin haka shi ne, fuskar ruwa tana da ɗauri irin na fatar ganga, shi ya sa allura kan iya kwanciya a kanta ba ta nutse ba. Idan injin ya girgiza tasar sama da ƙasa, ruwan yakan tasa, ɗaurin kuma ya ja shi ya koma. Masana sun nuna cewa idan tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ta gaza santimita 1.7, to wannan ɗauri ne ya fi tasiri wajen mayar da ruwan, ba nauyinsa ba. Haka kuma tuddan ba su bayyana sai girgizar ta kai wani mizani na ƙarfi.

Michael Faraday na ƙasar Ingila ya bayyana al'amarin a shekarar 1831, inda ya lura cewa sai tasa ta girgiza sau 2 kafin tudu ya hau ya sauka sau 1. Lord Rayleigh ya tabbatar da haka a 1883, sannan Benjamin da Ursell suka fito da lissafinsa a 1954.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kalmar "igiyar ruwa" kaɗai ba za ta wadatar ba, domin tana kawo wa mai karatu hoton ruwa mai tafiya. Saboda haka wannan bincike ya zaɓi "tsayayyiyar igiyar ruwa", kuma ita za a ci gaba da amfani da ita a babi na gaba.