Lambar da manomin Shanga zai iya karantawa

A shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara rabon takin tallafi ta wayar salula: manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo masa, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Yau lambobin tabbatarwa da ke zuwa cikin irin wannan saƙo sun zama ruwan dare a Yelwa da Wara da Shanga, daga na banki har zuwa waɗanda manhajar tura wasiƙun labarai ta imel ke aika wa sabon mai rajista. Kwamfuta ce ke zaro su barkatai don kada kowa ya canka. Sai dai tsawon lambar, da irin haruffan da ke cikinta, da wa'adin da za ta yi tana aiki, duk zaɓin mutum ne. Manhajoji irin su WordPress sun bar wasu ƙugiyoyi, wato wuraren da mai shirya manhaja zai rataya nasa umarnin ya sauya yadda ake samar da lambar ba tare da ya taɓa gindin manhajar ba. Duk ƙungiyar manoman shinkafa ko ta masunta da ke tura wa mambobinta saƙo ya kamata ta nemi a yi mata wannan gyara.

Dalili kuwa, lambar ba ta tsayawa a kan allo. Sau da yawa ɗa ne ko maƙwabci ke karanta wa mai ita, ko a faɗe ta da baki a waya cikin hayaniyar kasuwar Yauri. A nan ne sifili ke rikiɗa ya koma harafin O, ɗaya ya koma I, mutum ya koma gida hannu rabbana alhali haƙƙinsa ne. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Masanin kwamfuta Douglas Crockford ya tsara jerin alamomi 32 da ya cire wa I da L da O da U. A bakin tafkin Kainji alƙaluma zalla sun fi dacewa, kuma masuncin da ya kwana a ruwa inda sabis ba ya kaiwa yana bukatar wa'adi mai tsawo.

Za a ce sauƙaƙa lamba buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Akwai gaskiya a ciki, domin alƙaluma huɗu hanyoyi 10,000 kawai suke bayarwa. Amma shida na ba da miliyan ɗaya, takwas miliyan ɗari, kuma idan manhaja ta kulle bayan kuskure uku ko biyar, mai canke ba zai kai ko'ina ba. Haɗarin gaske yana ga mai gyaran da ya yi ganda, ya ɗauko ƙarshen lambar waya ko ya jera lambobi bi da bi. Wanda ya ga biyu zai san ta uku. A gyara siffar lambar yadda ake so, amma zaro ta a bar wa injin da aka gina domin tsaro.